Daminar da 'Yan Ƙwallo Suka Sha Lalle

Bana ma ruwa ya ci ƙafar Koci. Mijina ke nan, Malam Ummaru, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana horar da 'yan ƙwallo har sunan ya bi shi, ni kaina Koci nake ce masa. Tun da damina ta yi tsakiya na ce ya bar shiga fadama, amma in dai a kan shinkafa ne ko ƙwallo, bangon ɗaki ya fi shi jin magana. Ruwa ya sauko ya shafe gonakin da ke ƙasan Birnin Kebbi, shi kuma da furfurarsa ya nannaɗe wando ya bi masu kwale-kwale suna yankan abin da ya saura. Ga shi yanzu tsakanin yatsunsa ya yi fari fat ya tsattsage, in ya tuɓe takalmi sai na tashi na koma bakin murhu. Na sayo masa man shafawa a kemis ɗin bakin titinmu na Badariya, ya shafa kwana biyu ya ce bai ga aikinsa ba. Na san abin da yake so. Lalle yake so, nauyin faɗa yake ji.

A cikin satin nan ne kuma gidan rediyo ya fara shelar za a yi walimar karrama Alhaji, tsohon ciyaman na kulob ɗin garin nan, wai shi ne uban ƙwallo. Ba zan kama sunansa ba, ba don tsoro ba, bakina nake tausayi. Ɗansa, wanda ya gaji kujerar, ya aiko cewa zai zo da kansa ya gayyaci Koci ya yi jawabi a kan alherin tsohonsa. Da yamma Koci ya ce in fito masa da babbar rigarsa a wanke a goge. Mutumin nan shekara da shekaru yana jiran kulob ɗin nan ya tuna da shi, na sani, a gabana yake jiran. Abin da nake tsoro shi ne ya je ya tsaya gaban jama'a ya yabi Alhaji da bakinsa. Na wanke rigar, na goge, na rataye a ƙusa. Sannan na jawo turmi na hau dakan lalle, ƙamshinsa yana tasowa, ni kuma raina yana daɗa ɓaci.

Lokacin da nake tunawa jihar nan sabuwa ce, unguwar Gesse duk fili ce da 'yan gine-ginen da ba a gama ba, ni kuma ina goyon Hadiza, wadda yau 'yarta ta fi ni tsawo. Koci ya ajiye aikin koyarwa, ya je kudu ya yi kwas ya dawo da takardar horarwa, Alhaji ya ɗauke shi ya riƙe masa kulob. 'Yan uwana har gida suka zo yi mini jaje, wai mijina ya bar alli ya kama wasan yara. Shi kuwa ya bi unguwanni da ƙauyuka ya tsinto yara ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yan manoma da masunta da 'yan tireda. Akwai Sani Dogo, kyaftin ɗinsu, yaro mai kunya wanda in ya samu ƙwallo a ƙafar hagu sai dai mai tsaron gida ya yi salati. Akwai Emeka, golanmu, ɗan wani mai sayar da kayan gyaran babur a kasuwa, wanda ya fi ni iya zagin Kabawa. A wani tsohon gida kusa da fili aka ajiye su, ni nake dafa musu. Direban Alhaji yakan kawo gero da shinkafa da manja duk mako.

Shekarar nan yaran suka yi abin da ba a taɓa yi ba. Suka yi ta cin wasa har ya rage musu guda ɗaya tak. In sun ci, kulob ya hau rukuni na sama, Koci ya zama koci na sosai wanda ake kiran sunansa a rediyo, yaran kuma su shiga idon manyan kulob. Sai aka ɗage wasan saboda ruwa, aka ce sai hanyoyi sun buɗe.

Ban taɓa ganin damina irin ta wannan shekarar ba sai bana. Sama ta yi baƙi ta ƙi washewa. A kwana ana ruwa, a wuni ana yayyafi, katangun ƙasa suna zubewa cikin unguwa kana jin rugugin faɗuwarsu. Tufafi ba sa bushewa, tabarma ta yi funfuna, gishiri ya narke a kwano, ashana sai ka ƙyasta rabin kwali kafin ɗaya ta kama. Hatsin bara ya ƙare, na bana bai nuna ba. A kasuwa masu gero suka ɓoye abin da ya rage. Daidai wannan lokacin Alhaji ya tafi Legas harkar kwangila, direbansa kuma ya ɗauke ƙafa. Koci ya yi ta zarya gidansa, kullum maigadi ya ce ba a bar saƙo ba. Gidan da in ka tsaya a ƙofa ƙamshin soye-soye ne yake fara gaishe ka.

Na ciyar da samarin nan da abin da ko awaki sai sun yi tunani. Kwaɗon rama da tafasa, garin rogo da ruwa, kunun da kana hango gindin kwano ta cikinsa. Da safe su sha su fita atisaye cikin taɓo, Koci yana busa usur yana cewa a ƙara gudu. Wata rana wani yaro ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar fili, aka kawo mini shi a kafaɗa, idonsa ya juye. Ba aljani ba ne, ba zazzaɓi ba, yunwa ce tsagwaronta. Ranar na ce wa Koci ya sallami yaran kowa ya koma gidan ubansa kafin mu ɗauki alhaki.

Ya ce, "Kulu, in sunka watse ba su dawowa. Wasa guda yar rage muna."

Na ce, "To ka dahwa musu usur ɗin su ci."

Sai ga saƙo daga Argungu, daga Babana. Gulbi ya cika ya haye fadama, shinkafa ta nuna amma ruwa yana cinye ta a tsaye, babu hannuwan yanka. Manoma sun ce duk wanda ya shiga ya ceto, a raba da shi. Koci ya ji wannan ya miƙe tsaye. Washegari muka hau bayan wata motar ɗaukar yashi, ni da goyo da tukwane, yara da ƙwallaye da raga, ruwa yana dukanmu har muka isa.

Baba ya ba su zaure da shagon maƙwabta. Aka tsara rana. Bayan sallar asuba su sha kunu, su yi gudu a kan tudu, hantsi na yi su faɗa kwale-kwale da lauje a hannu. Inda ruwa ya kai ƙugu a sauka a yi yanka a tsaye, inda ya kai wuya a sunkuyo daga cikin jirgi a kamo kan shinkafar a yanke. Ruwan kuwa ba ruwa ba ne, ƙazantar duniya ce. Ya kwaso shara da kashin shanu da mushen tumaki, ya yi ɗumi yana wari. Matsattsaku su manne musu a ƙwauri su sha su ƙoshi, macizai sun hau duk wani reshen da ya fito. Da azahar su dawo jiki duk taɓo, su zube damman a ƙofar gida, su ci abinci, la'asar na yi Koci ya sake kora su filin firamare da ke kan tudu a buga ƙwallo har magariba. Emeka da bai taɓa riƙe lauje ba ya yanke yatsa a ranar farko, ya ce ko a lahira aka ba shi shinkafa sai ya tambayi wa ya yanko ta.

Mu mata namu aikin a gida yake. Ni da Innata da matan maƙwabta mu bugi shinkafar jiƙaƙƙiya, mu yi gumi, wato mu turara ta a manyan tukwane, da ɗanyen itacen da hayaƙinsa kaɗai ya isa ya makantar da mutum. Babu ranar shanya. Muka shimfiɗa ta a ɗakuna, a ƙarƙashin gado, a kan kowace tabarma, wadda ta ƙi bushewa mu soya ta sama-sama a kasko. Wata ta tsiro, wata ta yi tsami. In an dafa, warin hayaƙi da tsami ne ke fara isowa kafin akushi. Amma abinci ne. Ga tarwaɗa da ruwa ya kawo har bayan gida, ga sure, wato yakuwa, a bakin katanga. A 'yan kwanaki na ga kumatun yaran sun fara dawowa, dariya ta dawo zaure.

Sai ƙafafu suka fara. Duk wanda ya tashi a bakin gulbi ya san cin ruwa, amma manomi in ruwa ya ci ƙafarsa ɗingishi zai yi ya ci gaba da harkarsa. Ɗan ƙwallo kuwa ƙafar ita ce gonarsa. Mu duka, har Koci da takardarsa ta kudu, babu wanda ya yi wannan tunanin, yunwa ta rufe mana ido. Daga ruwan fadama su zura ƙafa a jiƙaƙƙen takalmi, daga takalmi su koma ruwa. Fatar ta yi laushi ta yi fari, tsakanin yatsu ya dare yana fitar da ruwa, tafin ƙafa ya huhhuje. Warin zauren nan har yau ban manta da shi ba. Ƙudaje suka tare a ƙofa. Inna ta hana a kai musu abinci ciki, ta ce albarkarsa guduwa za ta yi. Sani Dogo na gan shi da idona yana ƙoƙarin sa takalmi, hawaye na zuba. Ɗan shuɗin maganin da aka samo a asibiti ko mutum uku bai isa ba. Ana cikin haka labari ya zo an sa ranar wasa.

Inna ce ta leƙa zauren, ta toshe hanci da gefen zane, ta ce, "Mi kuka jira? Ku sa musu lalle mana. Uban Kulu duk damana da shi yaka tsira."

Yaran suka ɓarke da surutu. Sani ya dube ni ya ce, "Haba Anti, lalle awa mata? In anka gan mu hwa?"

Koci bai yi musu gardama ba. Ya jawo kujera ya zauna a tsakiyarsu, ya miƙo mini ƙafafunsa biyu, ya ce, "Hwara da ni." Na kwaɓa lallen da ruwan tsami, na cusa masa tsakanin yatsu, na lulluɓe tafin har idon sawu, na naɗe da ganye na ɗaure da tsumma. Da suka ga haka kowa ya miƙe ƙafa. Inna ta kira ƙawayenta tsofaffi suka kama aiki, suna yi suna guɗa, suna tambayar ina angwayen. Emeka ya ce shi a yi masa zane mai fure tunda abin ya zama haka. Samari majiya ƙarfi zaune a jere, ƙafafu a naɗe, ba mai iya tashi ko fitsari sai da rarrafe. Rabon da in yi dariya irin ta ranar har na manta.

Aka yi, aka sake, aka kuma sakewa, Koci ya hana su shiga ruwa. Lallen ya kama ya yi ja har ya koma baƙi-baƙi. Ciwon kuma ya bushe, fata ta yi tauri, warin ya tafi. Ranar da Sani ya sa takalmi ya buga wata ƙwallo da ta tsinka ragar firamare, Baba da bai san kan wasan ba sai da ya yi kabbara. Muka kamo hanyar Birnin Kebbi ana gobe wasa, da buhunan shinkafar da yaran suka samu rabonsu, suna waƙa a bayan mota.

Da la'asar ranar suka fita fili su ɗan motsa jiki, ni kuma na kai musu kunun tsamiya. Suna tsugune a bakin famfo suna alwala, duk ba takalmi, sai ga motoci sun shigo. Alhaji ne ya dawo, ya yi fes ya ƙara tumbi, tare da wasu manyan baƙi masu manyan riguna, a bayansu kuma wata bas cike da ƙattin da ban taɓa gani ba. Daga baya na ji 'yan wasan haya ne ya kwaso a hanya, don bai yarda yaran ƙauye za su iya ba. Tun kafin tafiyarsa ya taɓa kawo wa Koci wannan maganar, Koci ya ƙi.

Ɗaya daga cikin baƙin ya dubi layin ƙafafun nan jajaye, ya riƙe ciki ya fashe da dariya. Ya ce, "Alhaji, kulob gare ka ko ɗakin amare?"

Sauran suka kwashe. Na ga fuskar Alhaji ta canja. Ya daka tsawa, "Koci! Mi an nan? Wa yas sa ma 'yan wasana lalle?"

Koci ya rusuna ya ce, "Ranka shi daɗe, ruwa yac ci musu ƙahwa. Magani na."

"Ruwan mi? Ina kak kai su?"

"Argungu, ranka shi daɗe. Yankan shinkahwa. Abinci yay yanke muna."

Abin da ya fi ƙona ni, Alhaji ɗan bakin gulbi ne. Na san ƙauyensu, na san ubansa da tarun kamun kifi ya tsufa, kuma na rantse uwarsa ta sha ƙunsa wa tsohon lalle a damina. Amma ya tsaya a gaban baƙi yana yatsine fuska yana toshe hanci da hankici, wai shi bai taɓa jin wannan ƙazanta da ƙauyanci ba, an mayar masa da 'yan wasa leburori, an zubar masa da mutunci. Ban san lokacin da na dire bokitin kunu ba.

Na ce, "Alhaji, da kana Legas mi kab bar musu su ci? Ko mudu guda ka aiko?"

Koci ya juyo ya ce, "Kulu, yi shiru." Na yi shirun, kuma har yau ina jin sauran maganar a ƙirjina.

Alhaji ko kallona bai yi ba. Ya ce gobe manyan mutane za su cika rumfa, ba zai fitar da amare a gabansu ba. Ga 'yan wasa nan a bas, su za a sa. Koci ya ce masa ƙafa cikin safa take, safa cikin takalmi, ba mai gani. Alhaji ya ce ai an riga an gani.

Koci ya ce, "Ranka shi daɗe, waɗanga yara su sunka kawo mu nan. Da yunwa sunka yi shi. Da su za ni shiga hili."

"To ba ka shiga. Aje usur."

Haka kawai. Koci ya cire igiyar usur daga wuyansa ya ɗora a kan bonet ɗin motar. Wani daga cikin 'yan bas ɗin aka ce shi ne sabon koci, yana taunar cingam.

Abin da ya biyo baya shi ne ba na son tunawa. Yaran nan suka ɗauka in jan ya fita Alhaji zai sauko. Suka koma masauki suka hau dirzar ƙafa da dutse, da toka, da sabulun wanki, wani har da kananzir. Lalle kuwa in ya kama sai dai ya gaji ya tafi don kansa. Na tarar da Sani a bayan gida da ɓallen bulo, ya goge fatar da muka sha wahala ta warke har jini na bin dugadugansa. Na fizge bulon na jefar. Ya ɗago ya ce, "Anti, in nac ce ma Alhaji ban ƙara sawa hwa?" Na ɗebo ruwa na wanke masa ƙafar.

Washegari gari ya ɗauka. Kafin a fara wasa 'yan kallo sun riga sun haɗa waƙar amare. Maigadin fili da jiya yake rusuna wa Koci ya ce an hana shi barinmu shiga. Muka tsaya a bayan waya, ni da goyo, Koci, da yaran cikin silifa, jama'a na nuna ƙafafunsu. Emeka kaɗai aka sa, don 'yan hayar ba su zo da gola ba. Ya ce ba zai shiga ba, Koci ne ya kama kafaɗarsa ya ce ya je, kada a zura wa garinmu ƙwallo a banza. Kuma ƙattin nan da rigunan yaranmu suka buga, da sunayensu, don su aka yi wa rajista. An dai san jami'in da aka gani aka toshe wa baki da kuɗi.

Ana cikin wasa na ji murya a gefena tana ihu, "Emeka, hito! Rufe mai hanya! Ku rufe hagu!" Koci ne. An kore shi jiya, an hana shi ƙofa yau, ga shi ya kama waya da hannu biyu yana koyar da mutanen da suka ƙwace masa aiki. Na ji kamar in kwance goyo in ɗaure shi da zanen. Can kusa da tashi wani ƙato mai rigar Sani ya sa ƙwallo a raga. Lasifika ta ɗauka, "Sani Dogo! Sani Dogo ya ci!" Filin ya kaure. Sani yana tsaye kusa da ni, ƙafa naɗe da tsumma, yana jin ana kiran sunansa. Ya juya a hankali ya bi ta cikin masu sayar da rake ya tafi.

Sun ci. Da ma a ce an lallasa su, da na sami abin faɗa, amma sun ci. Aka ɗaga Alhaji sama ana zagaya fili da shi. Da daddare ya yanka sa, aka yi dafa-duka a manyan tukwane, har aka aiko mana da kwano, don rashin ta ido. Ina buɗewa warin hayaƙi da tsami ya bugi hancina. Shinkafar yaran ce, wadda muka bari a masauki, wadda na soya a kasko da hannuna. Na rufe kwanon na mayar wa ɗan aiken.

Koci bai bar ƙwallo ba, ina zai iya. Ya riƙe wani kulob a Gusau, ya je Minna, ya tsallaka Dosso ya yi shekaru, har kofi ya ɗauko a can. Ko'ina da irin nasa Alhajin. In an ci, ciyaman ya iya zaɓen mutane, in an sha kashi, koci ya tattara. Na naɗe katifa na kwance ta har na daina sayen abin da ba zai shiga bayan mota ba. Duk garin da muka je, ranar da kulob ɗin Birnin Kebbi ke wasa sai ya kanga rediyo a kunne. Da gwiwa ta gaza muka dawo Badariya ya kama noma. Yanzu yara a waya suke kallon ƙwallon Turai, takalmansu kala-kala, shinkafa ma da injin ban ruwa ake yin ta da rani. Ciyamomi ne dai ban ga sun canja ba. Yaranmu kuwa kowa ya kama gabansa tun a satin wasan nan. Sani yana sayar da albasa a kasuwa, da jikokinsa, kuma har yau in kana neman rumfarsa sai ka ce ta Sani Amarya, in ba haka ba babu wanda zai gane.

Jiya da hantsi na gama kwaɓa lallen. Na zaunar da Koci a tabarma a ƙofar ɗaki, na cusa masa tsakanin yatsu, na lulluɓe har idon sawu, na sa leda na ɗaure, don yanzu ba mai neman ganye. Babbar rigar tana rataye a bayansa, ta sha guga. Muna nan sai ga sallama, ɗan Alhaji ne, turarensa ya riga shi shigowa. Ya tsuguna, ba laifi, yana da ladabi.

Ya ce, "Baba Koci, gobe a walimar. Mun aje maka kujera gaba, kusa da Alhaji. So muke ka hwaɗa ma jama'a yadda yar riƙe yara shekarar ruwa, yac ciyar da su, har kulob yah hau sama. Kai ka san komi."

Na sunkuyar da kai ina goge kwanon lalle da yatsa. Koci ya waiwaya ya dubi rigar, ya dawo ya dubi ƙafafunsa a cikin leda. Na ga yana so, wallahi na gani, kujerar gaba da lasifika da sunansa a bakin mai shela.

Ya ce, "Sani Dogo hwa, an kira shi?"

Yaron ya ce, "Wane Sani, Baba?"

Koci ya gyaɗa kai. Ya ce, "Na gode da kaz zaka da kanka, Allah shi yi ma albarka. Ka gaishe min da Alhaji. Ka ce mai amarya na cikin lalle, ba ta hita."

Yaron bai gane ba, ya yi 'yar dariya ya ce zai faɗa masa haka. Ubansa zai gane. Da ƙarar motar ta yi nisa Koci ya ce in sauke rigar in mayar akwati kada ta yi ƙura. Na ninke ta na mayar. Na dawo na tarar ledar ƙafar hagu ta kwance, na tsuguna na ƙara masa lalle a ɗan ƙaramin yatsa, na sake ɗaurewa.